Takaba Da Almara: Kwana 130 Da Adabinmu Ke Tsallakewa

A shekarar 1945, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ya bar ɗimbin matan Turai babu mazajensu, wata marubuciya mai suna Josephine Leslie ta fitar da wani ɗan littafin ƙagaggen labari da sunan aro na R. A. Dick. Sunan littafin The Ghost and Mrs. Muir, wato Fatalwa da Uwargida Muir. Labarin wata matashiya ne, Lucy Muir, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu a tsakiyar dangin miji masu son juya ta kamar waina a tanda. Sai ta tattara ɗan abin da ta mallaka ta kama hayar wani gida a bakin teku, gidan da kowa ke gudu saboda an ce fatalwar mai shi, wani tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa, ba ta bar shi ba. Maimakon firgita, abota ce ta ƙullu a tsakaninsu. Da kuɗinta suka ƙare, kyaftin ya riƙa yi mata shiftar tarihin rayuwarsa tana rubutawa, littafin ya samu kasuwa, ta tsaya da ƙafafunta. A 1947 aka mayar da labarin fim.

A ƙasar Japan kuwa, a 2003, Takuji Ichikawa ya rubuta wani makamancinsa, amma a nan miji ne ya rasa matarsa. Matar ta yi masa alkawari kafin ta cika cewa za ta dawo idan damina ta kama, ta ga yadda suke shi da ɗansu ɗan shekara shida. Damina ta faɗi, ga ta ta dawo, sai dai ba ta tuna komai na rayuwarsu ta baya ba. Suka sake sabawa da juna tun daga farko na tsawon mako shida, ruwa ya ɗauke, ta tafi. Uban da ɗan suka ci gaba da rayuwa, amma a wannan karon sun yi sallama.

Waɗannan littattafai biyu almara ce, amma almara mai taushi, wadda babu takobi babu dodo a cikinta. Abin al'ajabin da ke ciki guda ɗaya ne tak, kuma aikinsa shi ne ya ba wanda aka yi wa rasuwa damar faɗin maganar da mutuwa ta katse. Tambayar da nake son mu yi wa kanmu, ya mai karatu, ita ce: ina namu? A ganina adabin Hausa yana da dukkan kayan haɗin irin wannan littafi a rumbunsa, kuma al'ummarmu ta fi waɗancan buƙatarsa a yau, amma marubutanmu suna bi ta ƙofar ɗakin takaba su wuce ba su leƙa ba.

Matar da harshe bai raɗa wa suna ba

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in fara daga can. Yaron da ya rasa mahaifi yana da suna a Hausa, maraya, kuma sunan yana bin sa har ya girma. Amma matar da ta rasa miji fa? Muddin tana cikin iddar mutuwa muna ce mata mai takaba. Ranar da ta fita kuwa, sai ta zama bazawara, kalmar da ta haɗa ta a kwando ɗaya da wadda aka saka da wadda ta nemi saki da kanta. Larabci yana da armala, wasu harsunan ma suna da kalma ta musamman, mu kuwa sai mun yi zagaye mu ce matar mamaci, ko wadda mijinta ya rasu. A lura kuma da inda kalmar bazawara ta dosa: 'yar'uwar zawarci ce, wato neman auren macen da ta taɓa aure. Ke nan harshen da kansa yana kallon matar ne ta fuskar mijin da za ta aura nan gaba, yana mantawa da wanda ta rasa.

Wannan yana da gefensa mai kyau, kuma dole a faɗa. Bahaushe bai ɗaure mace a kan kabarin mijinta ba. A wasu al'ummomin duniya an yi zamanin da ake aske wa irin wannan mata kai, a hana ta aure har abada, a ɗauke ta a matsayin mai farar ƙafa. A ƙasar Hausa kuwa, albarkacin Musulunci, ƙofar aure a buɗe take da zarar idda ta cika, har ma al'ada ta tanadi auren ɗauki-sandanka domin dattijuwar da ba ta son barin ɗakinta da 'ya'yanta. Sai dai gaggawar da muke yi wajen buɗe wannan ƙofa ta sa ba mu tsaya mun saurari abin da ke zuciyar matar ba. Haka ma namiji: wanda matarsa ta rasu gwauro ne kawai, ko gwabro a bakinmu na Sakkwatawa, daidai da wanda ya kori tasa, kuma idan azumi ya zo a Kano, Nalako da igiyarsa ba su tambayar dalili.

Dubi kuma kalmomin ta'aziyyarmu. Mukan ce ya haƙuri, a amsa da godiya, mu yi wa mamaci addu'a, mu tashi. Kalmomi ne masu daraja da addini ya koyar, amma tambaya ce da ba ta da amsa sai guda ɗaya. Babu gurbin da matar za ta ce yau ban iya barci ba, ko ta ce har yanzu idan na ji sallama da magariba sai in zaci shi ne. Abin da gaisuwa ba ta da gurbinsa, adabi ne ya kamata ya ɗauke shi.

Ƙofar da jarumi ke fita

Ba wai ba mu da almara ba ne. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da littattafai biyar na farko a 1934, ƙagaggen labarin Hausa ya taso ne da ƙafar almara. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara cike suke da aljannu da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da ba su cikin taswira. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya, Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, har zuwa littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da matasa suka yi ta rububi. To amma duk wannan almara ta namiji ce mai tafiya, mai sara da suka, mai komowa gida da ganima.

Abin sha'awa shi ne, matar mamaci tana nan a cikin waɗannan littattafai tun farko, sai dai a bakin ƙofa take tsaye. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mahaifin Umar ya rasu tun yana ciki, daga baya mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden Sarkin Kagara. A Ruwan Bagaja ma an kashe mahaifin Alhaji Imam, mahaifiyarsa ta auri limamin da ya riƙe shi. A duka biyun, rasuwar miji da sake aure sun wuce cikin 'yan layuka, domin hanya ce kawai ta shigo da jarumi fage. Ko da yake Tafawa Ɓalewa ya bi mahaifiyar Umar har hamada tana neman ɗanta, a matsayin uwa ya bi ta. Watannin da ta yi da ciki a ɗakin mijin da ya rasu ba mu gan su ba.

Da mata suka karɓi alƙalami daga shekarun 1980, an samu sauyi babba. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta nuna mana Rabi da miji ya kora da 'ya'ya, tana sayar da abinci domin ta riƙe su. Wannan zawarci ne na saki, mai cike da fushi da neman hakki, kuma adabin kasuwar Kano ya ƙware a kansa. Zawarcin mutuwa kuwa, wanda babu wanda za a kai ƙara kotu, bai samu irin wannan kulawa ba. Cikin tarin littattafan da na karanta tun ina ɗalibi, mutuwar miji galibi dabara ce ta kawar da shi domin tsohon saurayi ya dawo. Waɗanda suka zauna da matar da gaske, da wasu harsuna suka yi. Mariama Ba ta ƙasar Senegal ta gina littafinta na 1979, wanda ta rubuta da Faransanci, a kan doguwar wasiƙar da Ramatoulaye ke rubutawa tana cikin takaba, kuma ya ci kyautar Noma a 1980. Abubakar Adam Ibrahim ya rubuta Season of Crimson Blossoms da Ingilishi a 2015 a kan Hajiya Binta, mai shekara 55 da ta rasa mijinta. Dukkansu littattafai ne na zahiri, masu ɗaci, kuma matan da abin ya fi shafa a karkararmu ba su iya karanta ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ke cikin ɗakin

Mu ɗauki gari irin Horo Birni a ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Boɗinga, inda rayuwa ta dogara a kan gero da dawa da 'yan dabbobi, samari kuma su tafi cin rani idan an kawar da amfani. Idan magidanci ya rasu, za a yi zaman makoki, a yi sadakar uku, wasu su yi ta bakwai da ta arba'in. Iddar mutuwa, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta tanada, wata huɗu ce da kwana goma, kusan kwana 130, sai mai ciki wadda tata ke ƙarewa da haihuwa. A cire kwana 40 da jama'a ke zirga-zirga, saura kusan kwana 90 da matar za ta yi a ɗakin da kowane lungunsa ke tuna mata da shi, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Abin da shari'a ta hana ke nan, ado. Ba ta hana ta fita da rana domin buƙata ba. Amma a wasu wurare al'ada ta ƙara nata: a ce kada ta yi wanka sai ranar Juma'a, kada ta ɗaga murya, ta riƙa yawo da 'yar wuƙa a hannu. Malamai sun daɗe suna bayyana cewa waɗannan ba su da tushe.

A cikin waɗannan kwanaki ne kuma ake rabon gado. Mace tana da tumuni, ɗaya bisa takwas, idan mamacin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, kuma kishiyoyi tarayya suke yi a cikin wannan kaso. Idan su huɗu ne, kowacce ta tashi da ɗaya bisa 32. Inda dukiyar gona ɗaya ce da rumbu biyu, kowa ya san abin da wannan ke nufi, balle kuma idan ƙannen miji suka ce gona ba ta rabuwa. Saboda haka baƙin ciki da lissafin hatsin gobe a tabarma ɗaya suke kwana.

Wata goggona a wannan yanki ta yi takaba shekarun baya, bayan zaman aure na fiye da shekara 30. Na je gaishe ta bayan an watse, na tarar da ita ita kaɗai tana tsince wake. Cikin hira ta ce da ni: "Ɗiyana, jiya ma ya zaka cikin kwana, shina tambaya ta ko an ba akuya dussa." Ta yi dariya, ta share ido da bakin zane. Ba ta ce fatalwa ta gani ba, kuma ba ta nemi mai fassara ba. Mafarki ne, ta san mafarki ne, amma a nan ne kaɗai take samun damar ƙarasa hirar da aka katse mata. A wannan jimla tata guda akwai littafi sukutum: mijin da ke zuwa cikin barci kowane dare na takaba, yana tambayar akuya da rumbu da auren autarsu, tana ba shi labari, suna faɗa suna shiryawa, tana gaya masa abin da kunya ta hana ta faɗa yana raye, har daren ƙarshe da zai zo ya yi sallama.

A yau kuwa irin waɗannan mata ƙaruwa suke yi. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Jihar Sakkwato, a Sabon Birni da Isa da Rabah, da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 da ya ci rayuka fiye da 40, sun jefa mata masu yawa cikin takaba, wasunsu ba su kai shekara 25 ba, wasu ma a sansanin gudun hijira suka yi ta. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta keɓe ranar 23 ga Yuni domin irin waɗannan mata tun daga 2011, ta ƙiyasta yawansu a duniya da fiye da miliyan 258. Alƙaluma suna gaya mana yawansu. Yadda dare ke yi wa kowacce tsawo kuwa, sai labari.

Shin addini zai yarda?

Na san wani zai ce wannan kwaikwayon Turawa ne, kuma a aƙidarmu mamaci ba ya dawowa. Gaskiya ne ba ya dawowa, kuma ban ce a kwafo fatalwar kyaftin a dasa ta a bakin gulbi ba. Muna da namu hanyoyin. Mafarki yana da matsayi sananne a Musulunci, kuma babu gidan Bahaushe da ba a taɓa cewa an ga wane cikin barci da fararen kaya ba. Muna da tatsuniya, inda kurciya ke magana, tsamiya ke ba da shawara, kuma babu yaron da ya taɓa ruɗewa, domin ƙurunƙus na nan a ƙarshe tana shaida masa cewa an dawo duniyar zahiri. Su waye ma suke yin tatsuniyar? Tsofaffin mata ne, da yawansu sun binne mazajensu. Idan an karanta Ruwan Bagaja da aljannunsa a makarantunmu shekara da shekaru ba tare da imanin kowa ya girgiza ba, mafarkin mai takaba ba zai girgiza shi ba.

Bugu da ƙari, wannan yanki namu yana da magabaciya a fagen rubuta baƙin ciki. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyyoyi masu yawa: ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa aminiyarta A'isha, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, wanda ya riga ta rasuwa da shekaru. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta a 1997. Malama ce da babu mai shakkar iliminta, amma ba ta ɗauki bayyana raɗaɗin rashi a rubuce a matsayin rashin tawakkali ba. Kuma ba ta naɗe hannu ba bayan rasuwar mijinta; ta ci gaba da rubutu da jagorancin 'Yan Taru, inda jajis, dattijan matan da take naɗawa, ke kai ilimi ƙauyuka.

Sabon shafi

Idan ana maganar sake samun dama a rayuwa, babu labarin da ya kai na Ummu Salama. Mijinta Abu Salama ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta yi addu'ar da aka koya mata ta neman musanya mafi alheri, alhali a zuciyarta tana tambayar wa zai fi shi. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi aurenta, ba ta yi wuf ta amsa ba. Ta kawo uzurin kishi da shekaru da 'ya'ya, aka saurare ta, aka ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Darasin da ke nan shi ne an ba ta lokaci da bakin magana.

Mu kuwa mun fi mayar da hankali ga ɗaurin auren. A farkon 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta yi yunƙurin fito da zawarawa kan titunan Kano domin a ji kukansu, Hukumar Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin jihar ta fara aurar da zawarawa da mutum 100, a 2013 ta aurar da 1,111 a lokaci guda, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na 1,800. Aiki ne na alheri, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi shi. Amma gado da katifa da sadaki suna magance rashin ɗaki ne, ba su taɓa abin da ke cikin ƙirji. Kuma ba kowace ce sabon shafinta aure ba ne. Wata islamiyya ce da ba ta samu yi ba tana yarinya, wata sana'ar ƙuli-ƙuli ce da za ta riƙe marayunta, wata kuwa daren farko ne da za ta yi barci har asuba. Lucy Muir ba ta sake aure ba har ta tsufa. Abin da ta samu shi ne ikon tafiyar da rayuwarta. Littafin da nake kira a rubuta ya kamata ya bar wa jarumarsa wannan zaɓi, kada marubuci ya ɗaura mata aure a shafin ƙarshe don kawai haka aka saba.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu, musamman mata, waɗanda gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC ta nuna tun daga 2016 cewa suna da yawa kuma suna da basira, da su shiga wannan ɗaki su zauna. A rubuta shi da Hausa mai sauƙi, a bar tsofaffi su yi magana da karin harshensu, su ce zamna da amre kamar yadda suke faɗa. Gidajen rediyonmu da ke karanta littattafai su karanta shi da dare, domin ya isa kunnen matar da ba ta yi boko ba a Horo Birni da Dandin Mahe da Kajiji. Mu kuma malaman jami'a mu sa ɗalibanmu su tattaro kalmomi da karin magana da tatsuniyoyin da suka shafi takaba daga bakin tsofaffi tun suna raye. Sauran jama'a kuwa, abin da ya rage mana mai sauƙi ne: mu koma gaisuwa a kwana na 60 da na 100, lokacin da tabarmin makoki suka daɗe da naɗewa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari, Ya sa mu cika da imani.